Yadda muka toshe ƙofofin kuskure a masana'antar garin kunu a Garwa

Masana'antarmu ƙarama ce, a birnin Garwa da ke arewacin Kamaru take, garin kunu muke yi na yara da masu jego. Kowane zubi yana cin masara kilo 32, waken suya kilo 10, gyaɗa kilo 4, sukari kilo 4 da gishiri giram 200, jimilla kilo 50 da giram 200. A takarda babu abin da ya kai wannan sauƙi. Amma daga buhun da aka sauke daga mota zuwa kwalin da zai tafi kanti hannaye da yawa ne ke taɓa kayan, kuma kowane mai hannu ɗan Adam ne, yana gajiya, yana mantuwa, ana kiransa a waya yana tsakiyar awo. Koke-koken masu kantuna kusan iri ɗaya ne kullum: garin wannan makon babu zaƙi, wata uwa ta ci karo da tsakuwa, leda ta buɗe a hanyar Marwa, kwanan watan da ke jikin leda na jiya ne, kwali ya zo da leda 19 maimakon 20.

Maganin da kowace masana'anta ta sani shi ne a tara ma'aikata a yi faɗa, a ce kowa ya riƙa kula, wani lokaci a zaftare wa wani albashi. Abin yakan yi aiki na ɗan lokaci, sannan ya dawo, wani sa'in ma a hannun wanda ya fi kowa natsuwa. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, ba adalci ba ne a ɗora lafiyar yaron wani a kan cewa mai awo ba zai taɓa shagala ba daga safe zuwa la'asar.

Hanyar da muka bi ana kiranta poka-yoke, wato toshe ƙofar kuskure, ta fito ne daga tsarin aikin kamfanin Toyota na Japan, kuma injiniya Shigeo Shingo ne ya tsara ta. Tushen maganarsa shi ne a raba kuskure da aibi. Kuskure mantuwa ce ko zamewar hannu, ba mai hana ta faruwa. Aibi kuwa shi ne lalataccen kaya da ya fita, kuma ana iya hana shi idan an tare kuskuren tun a inda aka haife shi. A 1961, a kamfanin Yamada Electric da ke Nagoya, masu haɗa makunnin lantarki suna manta saka ɗan sifirin a ƙarƙashin maɓalli. Shingo ya sa aka ajiye wa kowa ɗan faranti: kafin ka fara, ka ɗebo sifirin biyu ka sa a ciki. In ka gama ka ga saura ɗaya a faranti, ka san ka manta, ka gyara nan take. Tun kafin wannan, Sakichi Toyoda, mahaifin wanda ya kafa kamfanin motocin Toyota, ya ƙera injin saƙa mai tsayawa da kansa da zarar zare ya tsinke, don kada ya ci gaba da fitar da yadi mai aibi. Farantin nan da injin saƙar nan su ne kusan duk abin da muka aro.

Ba da sayen kaya muka fara ba. Littafi muka ajiye a bakin ƙofar ɗakin aiki, kowane aibi da aka gani a rubuta abu uku: me ya faru, a ina aka gan shi, a ina aka haife shi. Na ukun ne mai wahala. Ledar da ta buɗe a kanti ake ganinta, amma a teburin cikawa aka haife ta. Don gano wannan muka yi amfani da dabarar Taiichi Ohno, injiniyan Toyota, ta maimaita tambayar "don me" har sai an taɓo tushe. Don me leda ta buɗe? Bakinta bai manne ba. Don me? Akwai gari a layin liƙi. Don me? Da ludayi ake zubawa, yana goge bakin leda. Don me ake zubawa da ludayi? Babu mazurari. Doka ɗaya muka kafa a nan: in amsar ta ƙare da sunan mutum, tambayar ba ta ƙare ba, a ci gaba har sai ta ƙare a kan kayan aiki ko tsarin aiki.

Da littafin ya cika muka jera aibobin bisa nauyinsu. Abin da zai cutar da mai sha shi ne a gaba, sai abin da zai raunata ma'aikaci, sai abin da ke cin kuɗi. Kowane ɗaya kuma muka nema masa magani daga sama zuwa ƙasa: na farko, a sa kuskuren ya gagara aukuwa, in bai yiwu ba, a sa aiki ya tsaya da kansa, in bai yiwu ba, a sa ƙararrawa ko alamar da ido ba zai tsallake ba. Takardar gargaɗi a bango ita ce ta ƙarshe, kuma ba ma ƙirga ta a cikin magani, domin bayan mako guda ba mai ganinta.

Wurin karɓar hatsi shi ne mafi haɗari. Masara da gyaɗa muna sayo su daga kasuwar Pitowa ta ranar Lahadi, da wajen Ngong da Gidar. Hatsin da aka ajiye da danshi yana yin hunhuna, wasu nau'o'in hunhunar kuma suna fitar da gubar aflatoksin, wadda ke lalata hanta, ba ta da wari, kuma suya ba ta kawar da ita. Ma'aunin Codex, wato kundin dokokin ingancin abinci na duniya, ya tsayar da iyakar maikrogiram 15 a kilo ga gyaɗar da za a ƙara sarrafawa, adadin da ido ba zai taɓa gani ba. Abin da ke hannunmu shi ne hana danshi shiga da tsince mugayen ƙwayoyi. Masara ba ma karɓarta in danshinta ya haura kashi 13 cikin ɗari, ɓararriyar gyaɗa kuma kashi 8. Dattawan kasuwa suna gwadawa da haƙori, wasu da busasshen gishiri a cikin kwalba, a girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalba hatsin bai bushe ba. Gwajin gishiri yana da amfani, sai dai yana kama danshi ne in ya kai wajen kashi 15, don haka masara mai kashi 14 za ta wuce shi lafiya lau. Dole muka sayi ƙaramar na'urar awon danshi, ita ce abu mafi tsada a cikin duk gyaran da muka yi.

Na'ura kaɗai ba ta toshe komai, domin ranar da motoci biyu suka iso tare ana iya shigar da buhu ba a gwada ba. Sai muka raba sito gida biyu da katangar raga. Duk buhun da ya sauka ɓangaren waje yake zama. Mai gwaji yana soka bututun ɗiba a sama, tsakiya da gindin buhu, domin jiƙaƙƙen hatsi a tsakiya ake ɓoye shi. In ya wuce, a ɗaura masa alamar roba mai lamba, a rubuta lambar da sunan kasuwa da rana a littafi. Ƙofar ciki buhu ɗaya take ci a lokaci guda, kuma mai sito yana riƙe da alamomi ƙidayayyu. Da yamma, yawan alamomin da suka fita dole ya yi daidai da buhunan da suka shiga. A ciki kuma layuka ne a kan katako, nesa da bango, ana sakawa ta baya ana ɗauka ta gaba, don haka sabon buhu ba shi da hanyar riga tsoho fita. Abin da za a daɗe da shi muna zuba shi a buhu mai rufi uku da ke hana iska shiga, irin wanda ake kira PICS, wanda a Marwa aka yi binciken farko na dabararsa a kan wake. Shi ma busasshen hatsi kawai yake so.

Tsintar gyaɗa har yanzu aikin ido ne, nan ba mu da na'ura. Abin da muka iya shi ne sauƙaƙa wa idon: tebur mai farin saman, haske daga gefe, gyaɗa shimfiɗa ɗaya ba tuli ba, da allo mai ƙwayoyin gaske manne a jiki, mai ƙanjamewa, mai baƙi, mai rami, fasasshiya. Masu tsinta suna sauya wuri bayan kowane minti 40, domin ido yana dakushewa. Tsintattun kuma bokitinsu mai murfi da kwaɗo ne. Dalilin kwaɗon shi ne tausayi yakan sa a kwashe su a kai gida a yi ƙuli-ƙuli ko a ba kaji, alhali a cikinsu gubar ta fi taruwa.

Tsakuwa da ƙarfe sun fi sauƙin kamawa. Rariya hawa biyu muka sa mai walda ya ƙera, ta sama tana tare abin da ya fi ƙwaya girma, ta ƙasa tana zubar da yashi. An kafa ta a bakin gangar suya ta yadda babu hanyar zuba hatsi sai ta cikinta. Tsakuwar da girmanta ya yi daidai da ƙwaya tana wuce rariya, wannan sai wanki da rairaya, sannan shanya a kan raga, a sake awon danshi. A maƙogwaron injin niƙa kuma muka sa aljihu mai maganaɗisu don ƙusa, guntun waya da allurar ɗinkin buhu. Ana zaro aljihun a goge shi kowace safiya, kuma a nan sabon kuskure ya ɓullo: a goge, a ajiye a kan taga, a tayar da inji. Mai gyaran lantarki ya sa ɗan makunni a bayan aljihun ya haɗa shi da layin tayar da motar injin. In aljihun bai shiga har ƙarshe ba, ko sau nawa ka danna, inji ba zai tashi ba. Makunni na farko a jikin inji aka ɗaure shi, girgiza tana sa shi yanke wuta ba gaira ba dalili, sai masu niƙa suka ɗaure shi da roba don aiki ya tafi. Ba su yi don mugunta ba, ana jiran gari ne. Duk abin tsaron da ke ƙarya, ma'aikata za su kashe shi, don haka aka mayar da makunnin kan ƙarfe mai zaman kansa, aka sa wa aljihun sakata.

Lantarki ya cancanci a daɗe a kansa, domin nan ne ake rasa yatsu. Injin niƙanmu na wuta mai layi uku ne, bolt 380. Da makunnin hannu irin na wuƙa yake aiki a da. In an ɗauke wuta, makunnin yana nan a kunne, mai niƙa ya buɗe murfi ya sa hannu yana fitar da hatsin da ya cushe, wuta ta dawo, inji ya tashi da kansa. Muka cire shi muka sa kwantakta mai maɓalli biyu, na tayarwa da na tsayarwa. Da zarar wuta ta yanke sai ta saki, kuma ba za ta kama ba sai mutum ya danna da hannunsa. Murfin ɗakin niƙa shi ma yana da makunni irin na aljihun maganaɗisu, kuma ƙusoshinsa masu dogon zare ne, kafin ka gama kwance su gudumomin ciki sun tsaya. Matsala ta biyu tana zuwa ne in an koma kan janareta. In an musanya waya biyu daga cikin ukun, motar za ta juya baya, fanka ba za ta ja gari ba, inji ya shaƙe. Maganinta abu uku ne: filogi irin na masana'antu mai ƙugiya, wanda ta fuska ɗaya kawai yake shiga, makunnin sauya layi mai hannu ɗaya, wanda ba zai yiwu ya haɗa wutar gari da ta janareta a lokaci guda ba, da ɗan rile mai gane jerin layuka, wanda ke hana kwantakta kamawa in jerin ya juye ko layi ɗaya ya ɓace. Wannan rilen ya fi sake naɗin mota arha nesa ba kusa ba.

A wajen suya, waken suya ne abin damuwa. Ɗanyensa yana da sinadarin da ke hana jiki narkar da furotin, zafi ne ke karya shi. In bai soyu ba gari ya yi ƙarni ya ɓata cikin yaro, in ya ƙone ya yi ɗaci amfaninsa ya ragu. Mai suyanmu gwani ne, da ƙamshi da launi yake ganewa, amma ranar da ba ya nan fa? An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, mu kuwa mudun muke nema. Abu uku muka daidaita. Yawan abin da ke shiga ganga: bokiti aka yanke daidai, biyu cif su ne lodi ɗaya, ba tozo, ana share bakin da katako. Zafi: ma'aunin zafi mai allura, aka shafa fenti a fuskarsa tsakanin digiri 140 da 150, ba sai ka iya karatu ba, allura ta zauna cikin fenti kawai. Lokaci: agogon kicin mai ƙararrawa, an manne masa ƙusa a inda ya kamata a murɗa ya tsaya, minti 25 ga lodin gangarmu. Wannan lissafin na gangarmu ne, mai wata ganga sai ya nemo nasa da gwaji. Bayan suya hatsi yana hucewa a faranti kafin niƙa, domin gari mai zafi in ya shiga leda yana gumi, gumi kuma shi ne hunhuna. Maratayar farantan ma shiga ta sama ce, fita ta ƙasa.

Awon haɗi shi ne inda farantin Shingo ya yi mana aiki kai tsaye. Amalanke aka ƙera mai gurbi shida: biyu na masara, kowane bokiti kilo 16, ɗaya na waken suya, ɗaya na gyaɗa, ɗaya na sukari, da ɗan ƙaramin gurbi na gishiri. Kowane mazubi girmansa da siffarsa daban, ba ya zama a gurbin wani. Mun sa launi, amma ba mu dogara da shi kaɗai ba, domin akwai mazan da ba sa bambance ja da kore, kuma ƙurar gari tana mayar da komai fari kafin azahar. Rubutu ma bai isa ba, a ɗaki ɗaya akwai mai Hausa, mai Fulatanci, mai karatun Faransanci da mai ajami kaɗai. Ana cika amalanken gaba ɗaya a ɗakin awo, a tura shi kan babban sikeli. In an cire nauyin amalanke da bokitai, allura ta tsaya tsakanin kilo 50 da 50 da rabi. Rashin sukari ko gyaɗa kilo 4 ne, ba ya ɓuya. Amalanken ba ya komawa sai kowane gurbi ya zama fanko, kuma ba a cika na biyu a ajiye kusa da inji, don kada a ɗebi sukarin zubi na gaba a ninka.

Gishiri ya ƙi wannan dabarar, giram 200 yana ɓacewa a cikin rangwamen babban sikeli. Shi sai muka koma ƙidaya. Da safe ana ƙulla shi a ƙananan ledoji daidai yawan zubin ranar, kowace da lambar zubinta. Wanda ya zuba ya rataye fankon ledar a ƙusa mai lamba a jikin injin gauraya. Ƙusa babu leda, ba a buɗe ƙofar fitar da gari. Buhun gishirin kansa mun fitar da shi daga ɗakin awo, muka juye shi a bido, wato jarka, mai ƙaramin baki wanda ludayin sukari ba ya shiga.

Jerin zubawa ma yana da dalili. Gyaɗa ita kaɗai in ta shiga injin guduma mai take fitarwa ta toshe raga, don haka ana cakuɗa ta da masara tun a baho. Sukari kuwa ba ya shiga injin niƙa sam, zafi yana narkar da shi ya danƙare, a injin gauraya ake zuba shi bayan niƙa. Don kada a rikita, gurbin sukari da na gishiri suna da murfi ɗaya a amalanke, mabuɗinsa kuma da sarƙa yake ɗaure a jikin injin gauraya. Raga iri biyu muke da su, mai ramin milimita 0.8 ta garin kunu da mai faɗi ta ɓarza. An sa wa ta ɓarza ɗan kunne na ƙarfe, shi kuma inji an sa masa fil mai cirewa: in fil ɗin yana ciki, ragar ɓarza ba ta zama. Ragar da ta yage ba ta ba da sanarwa, shi ya sa gari ke faɗawa ta rariyar ƙarshe kafin baho, tsaki ya taru a sama a gan shi nan take.

Teburin cikawa ya samu mazurari mai dogon wuya wanda ke sauka ƙasa da layin liƙi, gari ba ya taɓa bakin leda. Sikelin an kafa shi da ƙusa a wuri mai daidaito, nesa da fanka, domin iska tana motsa lamba. Leda tana fita tsakanin giram 500 da 510. Kowace safiya ana ɗora dutsen awo na giram 500, kuma a kan farantin sikelin ake kwanar da shi, don haka ba za ka fara aiki ba sai ka gan shi ka ɗauke shi. Injin liƙi an sa masa katakon tsayawa a baya don zurfin baki ya zama ɗaya, maɓallin zafinsa kuma an rufe shi da murfi, domin kowa yana son ƙara wuta in yana sauri, wuta mai yawa kuma tana cinye leda. Kafin fara zubi ana liƙe fankon leda da iska a ciki, a nutsa ta a bokitin ruwa a matsa. Kumfa ta fito, a duba ƙyallen teflon da wayar zafi kafin a ci gaba.

Kwanan wata mun daina barinsa a hannun hatimi. Ofis ne ke buga takardun mannawa na kowane zubi, guda 100, da lambar zubi da ranar yi da ranar ƙarewa, a sa su a ambulan a jikin amalanken zubin. Zubi yana ba da leda 96 zuwa 98 bayan asarar niƙa, ragowar takardun su koma ofis a ƙirga. In ledoji sun haura 99, ana rage wa mutane awo. In sun gaza 95, gari yana zuba a wani wuri ko an manta wani abu. Takarda ɗaya ta yi aiki biyu, kuma in koke ya zo daga Ngaundere lambar zubi tana kai mu har kan buhun da kasuwar da aka sayo shi.

Kwali yana cin leda 20. Nauyinsu zai faɗa tsakanin kilo 10 da kilo 10 da giram 200, in ɗaya ta ɓace ba zai kai kilo 9 da giram 700 ba, don haka sikeli yana kamawa ba tare da an ƙirga ba. Wannan lissafin bai yi aiki a ƙananan ledoji na giram 100 ba. Guda 50 masu nauyin 100 zuwa 104 suna ba da kilo 5 zuwa 5 da giram 200, guda 49 kuma suna iya haura kilo 5, sun shiga cikin juna ke nan. Su sai aka yi musu allo mai rami goma, a cika, a ɗaure goma-goma, ɗauri biyar a kwali. Duk mai son aron dabarar awo ya fara yin wannan lissafin, in ba haka ba zai samu kwanciyar hankalin da babu komai a ƙarƙashinta.

Ofis ma masana'anta ce, takardu take niƙawa. Kuɗin sefa sifili ne da yawa, jaka 15 da jaka 150 bambancinsu danna ɗaya. A teburin lissafi na kwamfuta muka kulle gidajen farashi, sunan kanti daga jeri ake zaɓa ba a rubutawa, yawan kwali kuma in ya wuce iyakar da aka sa, gidan ba ya karɓa. Takardar fitar da kaya mai kwafi uku ce mai lamba a jere, mai gadi ba ya buɗe ƙofa sai an miƙa masa tasa. Biyan dillalai ta waya kuwa, ba a buga lambar waya da hannu, daga ajiyayyun sunaye ake ɗauka, sabuwar lamba kuma sai an tura ɗan kaɗan mai ita ya tabbatar.

Abin da ya fi duk waɗannan wuya shi ne ba kowa ikon tsayar da aiki. A Toyota igiya ce ma'aikaci ke ja in ya ga matsala, mu ƙararrawar hannu muka rataye a kowane wuri. Da farko ba mai taɓa ta. Yarinyar da ke cika leda ba za ta iya duban dattijon da ya haife ta ta ce garinsa da tsaki ba, tarbiyyarmu ba ta ba da wannan ba, kuma ba ma son ta rushe. Sai muka sauya abin da ake faɗa. Ba ta cewa ya yi kuskure, cewa take, "Baba, rariya ta tara," shi kuma ya zo ya duba da idonsa. Kayan aiki ne ya yi magana, ba wanda ya ji kunya. Sannan biyan kuɗi bisa yawan leda ya ci karo da ƙararrawar kai tsaye, domin wanda ya kaɗa ta ya rage wa kansa da abokansa abin kai wa gida. Muka mayar da biyan na yini, da ƙarin da ake rabawa in wata ya wuce kaya ba su dawo ba. Zaftare albashi saboda kuskure kuwa an soke shi gaba ɗaya. Wanda ake cirar masa kuɗi ɓoye kuskure yake koya, ɓoyayyen kuskure kuma a cikin kofin yaro yake ƙarewa. Rabin dabarun da ke sama ma daga bakin ma'aikatan suka fito bayan sun tabbata littafin aibi ba na kama mai laifi ba ne. Mabuɗin sarƙa na sukari, mai gauraya ne ya kawo shi.

Su kansu abubuwan tsaron suna lalacewa, kuma a shiru suke yi. Makunnin da gari ya cika zai iya maƙalewa a kunne, maganaɗisu yana raunana in ya sha faɗuwa ko zafi, sikeli yana zamewa. Don haka kowace Asabar kafin a fara aiki muna yin kuskuren da gangan. A zare aljihun maganaɗisu a danna maɓalli, inji ya ƙi tashi. A buɗe murfin niƙa a sake dannawa. A gangaro da ƙusa uku masu fenti ta maƙogwaron inji yana kashe, a ƙirga uku a jikin maganaɗisu. A tura amalanke babu bokitin gyaɗa, a ɗora kwali mai leda 19, a gwada ludayin sukari a bakin bidon gishiri. Kowane gwaji yana da ɗan katako mai fuska biyu a allon bakin ƙofa, wanda ya yi gwajin shi ke juya shi. In katako ɗaya bai juyu ba, ko gwajin ya faɗi, wannan wurin ba ya aiki sai mai gyara ya zo, sauran ma'aikatansa su koma teburin tsintar gyaɗa.